Baruch Blumberg: Likitan Da Ya Bi Sawun Ciwon Hanta Cikin Jinin Al'ummai

In katin rigakafin yaronki na kusa, ɗauko shi ki duba layin farko, inda ake rubuta alluran ranar haihuwa. A cikinsu akwai ta ciwon hanta nau'in B. Wata za ta tarar an cike gurbin, wata kuwa za ta same shi fayau, don a gida ta haihu kuma ba a fita da jaririn ba sai bayan suna. To tarihin mutumin da ya zama sanadin wannan allura nake so in ba ki yau. Bayahude ne ɗan ƙasar Amurka, amma ya taɓa tako ƙasar nan har ya shiga rugagen Fulani, kuma abin da ya gano ya shafi ɗakin kowace mai jego daga Funtuwa har Malumfashi, musamman 'yan'uwanmu da tashin hankali ya raba da garuruwansu.

Sunansa Baruch Samuel Blumberg, abokansa na kiransa Barry. Kalmar Baruch a harshen Ibrananci tushenta ɗaya da Mubarak na Larabci. An haife shi ranar 28 ga Yuli, 1925, a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok. Mahaifinsa lauya ne. Kakanninsa baƙi ne da suka baro Turai a ƙarshen ƙarni na 19 suka ƙetare teku neman inda za su zauna lafiya, saboda haka tun yana yaro ya san abin da ake nufi da baƙunta. Ya fara karatu a makarantar addininsu, inda ake koya wa yara Attaura da harshenta na asali, ana kuma saba musu da tambaya da neman hujja. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya shiga sojan ruwa a 1943, ya kuma gama digirinsa na farko kan kimiyyar fiziya a 1946. Ya soma karatun lissafi mai zurfi a Jami'ar Kolambiya, sai ya sauya ra'ayi ya koma sashen likitanci a 1947, ya fito likita a 1951.

Tun bai gama ba, a 1950, aka tura shi wani ƙaramin gari mai suna Moengo a ƙasar Surinam ta Kudancin Amurka, garin masu haƙar ma'adinai wanda a lokacin sai ta kogi ake shigarsa. Can ya yi 'yan watanni yana karɓar haihuwa, yana duba marasa lafiya. Surinam ƙasa ce ta tarkacen al'ummai. Akwai jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, akwai 'yan ƙwadagon da aka ɗebo daga Indiya da tsibirin Jawa da ƙasar Sin don aikin gonakin rake, ga kuma 'yan asalin ƙasar. Sauro ɗaya ke cizonsu, ruwa ɗaya suke sha. Amma sai ya lura cutar tundurmi, wadda ke kumbura ƙafa, tana yi wa wasu jinsi mugun kamu, wasu kuwa da ƙyar take taɓa su. Me ya sa cuta ɗaya ke kayar da wani ta bar maƙwabcinsa? Wannan tambaya ce ya ɗauko daga Surinam, ita ya yi ta bi har tsufansa. Kin ga ke nan, ba ciwon hanta ya fita nema ba. Ko kusa ba ya cikin lissafinsa.

Da ya koma gida ya yi shekara biyu a asibitin Bellevue na Niyok, asibitin talakawa inda cunkoso kan sa a jera gadaje har a hanyar wucewa. A 1954 ya auri Jean Liebesman, mai sana'ar zane, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu, mata biyu maza biyu. A 1955 suka tafi Ingila, Jami'ar Oksfod, inda ya yi digirin digirgir. Can ya gamu da Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya. Allison ɗin nan shi ne a 1954 ya nuna cewa masu jinin AS, wato waɗanda suka gaji sikila ta ɓangare ɗaya kawai, sun fi sauran jure wa zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Wannan ya ƙara wa Blumberg ƙarfin gwiwa cewa amsar tambayarsa na cikin jini. In aka tara jinin al'ummai daban-daban aka kwatanta, za a ga bambance-bambancen da aka gada, daga nan a gane wa cuta ke so, wa take tsoro.

Tafiyarsu ta farko kan wannan aiki, Nijeriya suka yo, a 1957, shekara uku kafin mulkin kai. Sun ɗebi jinin Yarbawa a Yamma, sun hauro Arewa sun ɗebi na Fulani makiyaya, har da jinin shanunsu da nonon shanun. Ki kwatanta a ranki yadda Ardo zai kalli Baturen da ya zo da kwalabe yana roƙon jinin mutane da na saniya! Iyayenmu na ƙasar Malumfashi ba za su yi mamaki sosai ba, don a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na wata makarantar likitanci ta Libaful sun yi shekaru suna zaga ƙauyukan yankin suna bincike kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji. Irin aikin ke nan, na haƙuri da yawo. Daga Nijeriya Blumberg ya koma Amurka ya kama aiki a Cibiyar Binciken Lafiya ta ƙasa, ya ci gaba da tara jini daga Alaska da tsibiran tekun Pasifik da sauran sassan duniya, har firijinsa suka cika da dubban kwalabe, kowace da sunan al'ummar da aka ɗebo ta.

Dabarar da suka yi amfani da ita ba ta da wuyar ganewa. Mutumin da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa, jikinsa ya haɗu da jinin mutane barkatai, saboda haka garkuwar jikinsa ta ƙera makamai kan duk wani baƙon abu da ya shigo. Sai a zuba wani abu mai kama da daskararren koko a kan gilashi, a huda 'yan ramuka. A ɗiga ruwan jinin wanda aka yi wa ƙarin a ramin tsakiya, a ɗiga na sauran mutane a ramukan gefe. In makami ya gamu da abokin gabansa, sai wani farin layi ya fito a tsakani. A 1963, shi da wani matashin likita mai suna Harvey Alter suka gwada jinin wani ɗan Niyok mai cutar nan da ke hana jini daskarewa. Sai layi ya fito tsakaninsa da jinin wani ɗan asalin ƙasar Ostareliya, mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba, rabin duniya a tsakaninsu. Suka sa wa abin suna sinadarin Ostareliya, don ba su san ko mene ne ba. Da suka buga labarin a 1965, zatonsu ya fi karkata ga cewa yana da alaƙa da sankarar jini.

Amma akwai abin da ya tsaya musu a rai. Cikin lafiyayyun Amurkawa, da ƙyar a samu mutum ɗaya cikin dubu mai wannan sinadari. A wasu al'ummai na Asiya da Afirka da tsibiran Pasifik kuwa, sai a same shi a jinin mutane da yawa, kuma ga su garau suna harkokinsu. A 1964 Blumberg ya koma wata cibiyar binciken sankara da ke Fox Chase a birnin Filadelfiya. Can suka gano sinadarin ya yi yawa ƙwarai a jinin yara masu lalurar Down, wadda ke hana ƙwaƙwalwa bunƙasa yadda ya kamata, amma fa waɗanda aka tara a manyan gidajen reno masu cunkoso. Waɗanda ke gaban iyayensu ba su cika samunsa ba. Abin gado ba ya yin haka, wannan halin cuta mai yaɗuwa ne.

A 1966 sai wani yaro daga cikinsu, wanda aka gwada a baya ba shi da komai, aka sake gwadawa aka ga sinadarin ya bayyana. Da aka duba hantarsa, ta kumbura. A shekarar da ta biyo, wata ma'aikaciyar ɗakin gwajin nasu ta ji jikinta ba daɗi, abinci ya fita ranta, fitsarinta ya yi duhu. Ta gwada jininta da kanta, layi ya fito. Ta yi jinya ta warke, sinadarin kuma ya ɓace. Nan fa magana ta fito fili. Duk da haka manyan likitocin hanta ba su karɓa da sauri ba, har wata mujallar likitoci ta ƙi buga wata takardarsu. Ai ka san halin mutane, wanda bai taɓa zama likitan hanta ba ya zo ya ce ya gano abin da suka shekara ashirin suna nema. Sai da wasu masana a Niyok da Japan suka tabbatar a 1968, sannan a 1970 David Dane ya hango ƙwayar cutar kanta da madubi mai ƙarfi a Landan. Ashe sinadarin Ostareliya rigar ƙwayar cutar ce, ɓawonta na waje. Har gobe shi ake nema in aka ce miki za a yi gwajin ciwon hanta a wajen awo. Amfanin farko da aka samu shi ne tace jini kafin a ƙara wa mara lafiya, wanda ya zama doka a Amurka a farkon shekarun 1970.

Bari in ɗan tsaya nan, don wannan ne wurin da muka fi ruɗewa. Mu abin da muka sani shi ne shawara, ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, a nemo saiwoyi a jiƙa. Shawara alama ce kawai, abubuwa da dama na kawo ta. Ciwon hanta na ƙwayoyin cuta kashi biyar ne. Nau'in A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga. B da C ta jini suke bi, B kuma har ta saduwar aure da wajen haihuwa, D kuwa ba ya kama kowa sai mai B. Abin da binciken Blumberg ya tona shi ne, mafi yawan masu ɗauke da B ba su taɓa yin shawara ba. Babba in ya kamu, galibi jikinsa na korar cutar, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaune musu. Jaririn da ya kamu wajen haihuwa kuwa, wajen 90 cikin 100 tana zama a jikinsu ne har girma. Ba zazzaɓi, ba kuka. Sai ya kai shekara talatin ko arba'in, yana tsakiyar ƙarfinsa da iyalinsa, hanta ta ƙandare ko sankara ta fito, ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, a ce sammu ne aka yi masa a gona.

Ya aka yi rigakafi ya samu? Blumberg da abokin aikinsa Irving Millman suka lura ƙwayar cutar na ƙera rigunan nan fiye da bukatarta, jinin mai ɗauke da ita cike yake da riguna waɗanda ba kowa a ciki. Suka ce in aka tace su aka tsarkake aka yi wa lafiyayye allura, jikinsa zai koyi gane rigar, ranar da mai rigar ya zo da gaske ya tarar an shirya masa. Sun nemi rajistar wannan dabara a 1969. Kamfanin Merck ne ya ɗauki aikin, ƙarƙashin Maurice Hilleman, wanda ya sha wahalar mayar da tunanin ya zama allurar da za a amince da ita.

Wanda ya gwada allurar kuwa ɗan gudun hijira ne na sosai. Wolf Szmuness ɗan ƙasar Folan ne, yaƙi ya raba shi da danginsa, ya tsinci kansa a Saberiya cikin wahala, can a Rasha ya karanci likitanci. Matarsa ta taɓa kusan rasa ranta saboda ciwon hantar da ta ɗauka wajen ƙarin jini, abin da ya sa ya ɗaura wa cutar aure ke nan. A 1969 ya isa Niyok, yana ɗan shekara hamsin, ya fara daga ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaji. Shi ya jagoranci gwajin da aka soma a 1978 kan maza 1,083, sakamakon ya nuna allurar na karewa. Aka ba da izinin amfani da ita a 1981, shi kuma ya rasu a 1982. A 1986 aka fito da sabon samfuri wanda ba ruwansa da jinin mutum, da yis ake haɗa shi, dangin wanda kike kwaɓa fanke da shi. Irinsa ne ake yi wa yaranmu yanzu. Na faɗi wannan ne saboda masu tambayar da me aka yi ta, kuma tambaya ce mai kyau.

Kafin nan, a 1976, an ba Blumberg kyautar Nobel ta fannin likitanci, tare da Carleton Gajdusek. A shekarun nan shi da abokan aikinsa na Dakar a Senegal sun gano cewa iyaye mata na masu sankarar hanta sun fi sauran mata yawan ɗauke da ƙwayar. A Taiwan kuma wani likita, Palmer Beasley, ya nuna yadda cutar ke bi daga uwa zuwa jariri, ya kuma bi diddigin ma'aikatan gwamnati 22,707, ya buga a 1981 cewa sankarar hanta kusan duk a kan masu ɗauke da ƙwayar take faɗawa. Taiwan ta soma yi wa jarirai allurar a 1984. A lokacin wajen yaro 10 cikin 100 na ɗauke da cutar, bayan shekara goma sha biyar ba su kai 1 cikin 100 ba, sankarar hanta a yara ma ta ragu. Gambiya ta fara nata a 1986, Saudiyya a 1989, mu kuwa sai 2004 ta shiga jerin rigakafin yara na ƙasa.

Tunda cutar na zama shiru a jini, duk inda mutum ya yi ƙaura da ita yake tafiya. Amurkawa sun ga haka bayan 1975, lokacin da 'yan gudun hijirar Biyetnam da Laos da Kambodiya suka isa ƙasarsu, aka tarar da yawansu na ɗauke da ita tun daga haihuwa, kuma tana bi cikin 'ya'yan da suka haifa a can. Har yau a Turai da Amurka kaso mai yawa na masu ciwon hanta nau'in B waɗanda aka haifa a Asiya da Afirka ne, shi ya sa ake ba da shawarar a gwada su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 na ɗauke da B a 2022, miliyan 50 na da C.

To mu dawo gida, inda hijirar ba ta jirgin sama ba ce. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, mata da yara suka kwararo Funtuwa da Bakori da Malumfashi, wasu daga arewacin jihar da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi. Mafi yawan namu ba sansani suka shiga ba, suna ɗakunan 'yan'uwa, ko kangon da wani bawan Allah ya ba su aro. Ga kuma 'yan ci-rani da 'yan ƙwadagon da auduga da masara ke jawowa yankin nan tun zamanin kakanni. Kada ki ce baƙi ne za su kawo mana cutar. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da B. A taron biki na mutum hamsin, ki ƙaddara akwai huɗu, kuma ba lalle baƙuwar ce ba, tana iya zama ni ko ke. Abin da hijira ke yi shi ne ta tsinka igiyar kariya. Asibitin ƙauye ya rufe, ma'aikacin ya gudu, katin yaro ya ƙone tare da ɗaki. Mai ciki ba ta san inda ake awo a sabon gari ba, ko ta sani tana jin nauyin zuwa da zane ɗaya. Ta haihu da dare a ɗakin aro, ba wanda ya yi zancen allura. Yara goma na kwana tabarma ɗaya, da ƙuraje da gyambo, reza ɗaya ake yi musu aski da yankan farce. Ki tuna yaran nan na gidajen reno da Blumberg ya gwada. A Afirka ta Yamma yaɗuwar cutar tsakanin ƙananan yara babbar hanya ce, ba ta wajen haihuwa kaɗai ba.

Nau'in E ma na bin masu hijira, shi ta ruwa. A 2017 ya ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta jihar Borno cikin waɗanda rikicin Boko Haram ya kora, kuma a Diffa mata masu ciki ne suka fi mutuwa. Mai tsohon ciki in idonta ya yi ɗorawa, ba maganar jiƙo ba ce, asibiti za a nufa a ranar.

Allurar farko ta B, cikin awa 24 da haihuwa ake son a yi ta, don ta riga ƙwayar kafa sansani a hantar jariri. Sauran na cikin allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar da ake yi a sati 6 da 10 da 14, kuma a asibitin gwamnati rigakafin yara kyauta ne. Na san al'adarmu, mai jego ba ta fita. To ai ba ita ake nema ba, jaririn ake nema. Kaka ko gwaggo ko ke maƙwabciya kina iya naɗe shi ki kai shi Babban Asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ko ƙaramin asibitin unguwa, ki dawo kafin ruwan wanka ya tafasa. In an makara a kai shi duk da haka, sai dai kowace rana da ta wuce tana rage ƙarfin kariyar. A ganina, cikin duk abin da muke kai wa baƙuwar da ta haihu, da kunun kanwa da tsofaffin kayan jarirai, ba wanda ya kai rakiyar nan daraja, ga shi kuɗin mota kawai take ci. Matsalar da ta rage ta hukuma ce: haihuwa ba ta san Asabar da Lahadi ba, ya kamata a ce duk inda ake karɓar haihuwa akwai allurar a kowane lokaci, ba sai ranar rigakafi ba.

Sai maganar wanzami. Ba na cikin masu zaginsu, sana'a ce ta gado kuma mutane ne masu amana. Amma askar da ta yi askin suna a gida uku, ta cire beli, ta yi kaciya, ta yi tsagar ƙaho, goge ta da tsumma ba ya kashe wannan ƙwaya, wadda ke iya yin kwana bakwai da ranta a busasshen jini. Sayi sabuwar reza ki miƙa masa, ungozoma ma haka wajen yanke cibi. Mai yin allura a kemis kuma ya ɓare sabon sirinji a gabanki. Mu manoma akwai ƙarin abu guda. Masara da gyaɗar da aka zuba a rumbu ko buhu ba su gama bushewa ba suna yin fumfuna, fumfunar nan na fitar da dafin da ke cin hanta, in ya haɗu da nau'in B haɗarin sankara na ninkuwa sosai. Abin takaici, ita wannan masarar mai araha ita ake sayar wa mara ƙarfi, ko a ba shi sadaka.

In kuwa an gwada ki an ce kina da shi, ba ƙarshen duniya ba ne, ba kuma shaidar lalata ba ce, don yawanci tun ƙuruciya aka ɗauka. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya ko gaisawa ko tari, kuma za ki shayar da ɗanki nono. A gwada maigida da abokiyar zama da yara, wanda ba shi da ita a yi masa allura uku. Jihar Kano ta yi doka a 2024 ta gwaji kafin aure wanda ya haɗa da ciwon hanta, amma sakamakon ba dalilin fasa aure ba ne tunda akwai rigakafi. Ba kowane mai B ke bukatar magani ba, likita ne zai auna ya faɗa. Akwai ƙwayar tenofovir da ke danne cutar, ana kuma ba mai cikin da ƙwayoyin suka yi yawa a jininta don kare jariri. Nau'in C ba shi da rigakafi amma yana warkewa da magani na wata biyu zuwa uku. Shi kuwa Harvey Alter, matashin nan da suka ga farin layi tare a 1963, shi ne ya bi sawun C har aka ba shi tasa kyautar Nobel a 2020.

Blumberg bai zauna ya huta kan sunan da ya yi ba. Ya je ƙasar Sin a 1977 ya yi ta bayani ga likitocinsu, a lokacin da ƙasar ta fi kowace yawan masu cutar. Daga 1989 zuwa 1994 ya shugabanci kwalejin Balliol ta Oksfod inda ya yi karatu, shi ne Ba'amurke na farko da ya riƙe muƙamin. A 1999, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ba shi shugabancin sabuwar cibiyar da ke binciken ko akwai halitta mai rai a wasu duniyoyi, ya riƙe har 2002. Mutum ne mai son tafiyar ƙasa da tuƙin kwalekwale har cikin tsufansa.

Ranar 5 ga Afrilu, 2011, ya gabatar da jawabi a wani taron NASA a jihar Kalifoniya, jim kaɗan bayan ya sauka ciwon zuciya ya buge shi, ya rasu yana da shekara 85. Ya bar matarsa Jean da 'ya'yansu huɗu da jikoki tara. Shekara guda kafin nan, a 2010, ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince a riƙa tunawa da ciwon hanta kowace shekara a ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli. Karo na farko da aka yi taron a wannan rana, wata uku da 'yan makonni ke nan da binne shi.